Ma'aunin Muhalli da Gawon Maraɗi

A shekarar 2006 jami'o'in Yale da Kolombiya na Amurka suka fitar da jadawalin da ke jera ƙasashen duniya bisa yadda suke kula da muhalli. Ƙasashe 133 aka auna, Nijar ta zo ta ƙarshe. A 2008 aka ƙara yawansu zuwa 149, Suwizalan ta ɗare gaba, Nijar kuwa ba ta gusa ba.

Alƙaluman ba su yi ƙarya ba. Rabin makin ya rataya ne a kan lafiyar jama'a: ruwan sha, makewayi, hayaƙin itacen girki da mata da yara ke shaƙa. Duk malamin da ya koyar a ƙauye ya san hakan gaskiya ne. Sai dai irin wannan awo ya fi kusa da awon talauci, kuma hoton shekara guda ne, ba ya faɗin inda ƙasa ta fito.

Ga abin da jadawalin bai gani ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka daina sare tohon gawo da kalgo idan suna sharar gona, suna zaɓen masu ƙarfi suna renonsu, abin da ake kira sassaben zamani. Da masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Gray Tappan suka gwama hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na 2005, sai aka ƙiyasta kadada kusan miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. Amma itacen da ke tsakiyar gonar hatsi ba ya shiga lissafin daji, don haka aikin shekara ashirin ya zube ta ƙasan ƙwarya.

Gwama shekara da shekara ma yana da nasa tarko. Kusan kowane bugu ana sauya ma'aunai da nauyin da ake ba su, har masu jadawalin da kansu suna gargaɗin kada a kwatanta makin bugu biyu kai tsaye. Ƙasa tana iya hawa matakai goma ba tare da an gina rijiya ko ɗaya ba; mudu ne aka canza, ba hatsi ba. Shi ya sa a 2012 suka ƙara lissafi na dabam mai bin sawun kowace ƙasa tun daga 2000 da mudu guda. Taƙaddamar dai ba ta ƙare ba: da Indiya ta zo ta ƙarshe cikin ƙasashe 180 a 2022, gwamnatinta ta yi watsi da sakamakon, tana ƙalubalantar hanyar awon.