Gaya: kujerar bakin ƙofa

A tashar motar Gaya, inda matafiyan Dosso ke cakuɗa da na Kamba da na Malanville, kujera ɗaya ce ake jayayya a kanta: ta bakin ƙofa. Mai goyo na son ta, domin sai ta kwance yaro daga baya ta ɗora shi a cinya, kilomita wajen 150 kuwa har Dosso ba wasa ba ne. Gurgun da shan inna ya kama tun yana ƙarami, shi tilas ce gare shi: ba ya iya ratsa buhunan garin rogo da gwiwoyin mutane ya kai kujerar baya.

Kekensa kuwa karen mota ya riga ya ɗaure shi bisa mota tare da jarkoki, ya kuma nemi kuɗinsa kamar na sauran kaya, alhali ƙafafun mutum ne. A shingen jandarma, in aka ce kowa ya sauka, sai ya jira mai ɗaukarsa.

A Ingila irin wannan gardama, tsakanin keken guragu da keken jarirai, sai da ta kai kotun ƙoli a 2017. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, amma a tasha ɗan kamasho ne alƙali. Sau da yawa uwar ce ke raba gardamar. "Malam, zauna nan," ta miƙa masa yaron, ta kutsa baya. Har Dosso jaririn na barci a cinyarsa.