Harry Potter: Wai Ina Labarin George?

A wannan watan ku yi mani afuwa, ban zo maku da labarin lokeshin ko tsegumin 'yan fim ba. Wani abu ne ya daɗe ya na ci na a rai game da ƙarshen labarin Harry Potter, na ga gara in amayar da shi in huta.

Ni Gambo ne a gidan mu, wato 'yan biyu na ke bi. Yaya Hassan da Yaya Husaini su ne su ka fara kawo faifan Harry Potter gida. Ba ma jin Turancin sosai, amma haka za mu baje a tsakar ɗaki mu na kallo har a ɗauke wuta. Kowa da gwanin sa. Su dai yayyen nawa ba ruwan su da Harry, gwanayen su Fred da George Weasley ne, tagwayen nan masu jan gashi da tsokanar tsiya. Idan ɗaya ya fara magana ɗayan ne ke ƙarasawa, kuma wallahi haka yayyen nawa su ke.

Ga wanda bai sani ba, J.K. Rowling 'yar ƙasar Birtaniya ce ta rubuta labarin a littattafai bakwai, na farko ya fito a 1997, na ƙarshe kuma ranar 21 ga Yuli, 2007. An mai da su finafinai takwas daga 2001 zuwa 2011, domin an raba littafi na bakwai kashi biyu. A kashi na biyun ne aka yi babban yaƙi a makarantar Hogwarts, inda Fred ya mutu. A fim ɗin gawar sa aka nuno a kwance, 'yan'uwan sa na kuka a kan sa, sai aka wuce. Na tuna Yaya Husaini ya yi tsaki ya ce, "Shi ke nan kuma?" Mu ka yi dariya aka tashi.

Bayan wasu shekaru Allah ya yi wa Yaya Husaini rasuwa a haɗarin mota. Allah ya jiƙan sa. Aka yi zaman makoki, aka watse, kowa ya koma harkar sa, ban da Yaya Hassan. Mutumin da ke cika gida da surutu ya koma sai eh sai a'a. Wani lokaci zai fara ba da labari, ya kai tsakiya ya yi shiru, kamar mai jiran a ƙarasa masa. Ni kuma ban san abin da zan ce masa ba, ban da "Yaya, a yi haƙuri," wanda ya riga ya ji sau dubu.

A wannan halin ne na samu aron littafi na bakwai. Kullum ana cewa littafi ya fi fim bayani, don haka na sa a rai na cewa a ciki zan ga yadda George ya rayu bayan ɗan'uwan sa. Ku yi mani dariya in kun so, amma gaskiya magani na je nema a littafin yara.

Da farko marubuciyar ba ta ba ni kunya ba. Mutuwar Fred a littafin ta fi ta fim taɓa zuciya: ya na cikin yi wa yayan sa Percy dariya, wanda bai daɗe da shiryawa da dangin sa ba, sai wajen ya tarwatse. Na ajiye littafin na share hawaye, na ci gaba. Voldemort ya mutu. An jera gawarwaki sama da hamsin, har da Lupin da matar sa Tonks waɗanda su ka bar jariri maraya. Harry ya gyara karyayyar sandar tsafin sa. Na buɗe shafi na gaba ina jiran jana'iza, kawai sai na gan ni a tashar jirgin ƙasa ta King's Cross a Landan, wai an yi shekara 19!

Harry ya auri Ginny, 'ya'yan su uku. Ron ya auri Hermione, 'ya'yan su biyu. Kowa na raha, ana raka yara makaranta. Har Draco Malfoy an ba shi fili ya fito da ɗan sa. Na karanta babin sau biyu ina bi da yatsa, ko sunan George ban gani ba. Haba!

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne matar nan ta iya rubuta makoki. A littafi na shida babi guda ta ware wa jana'izar Dumbledore. A cikin na bakwan ma, da Dobby ya mutu, Harry da hannun sa ya haƙa masa kabari, ya ƙi amfani da tsafi, kuma duk littafin babu wajen da ya kai nan daɗi. To me ya hana ta ba George ko da shafi ɗaya? Daga baya ne a hirarraki ta ce ya auri Angelina Johnson, ya sa wa ɗan sa suna Fred. Ranar 2 ga Mayu, 2015 kuma ta fito ta ba masu karatu haƙurin kashe Fred. Madalla, amma mai karatun da ya rufe littafin da tsakar dare ba hira ce a hannun sa ba.

Wani aboki na ya ce na cika son kai. Ya ce labarin na Harry ne, maraya wanda tun a littafi na farko da ya kalli madubin nan mai nuna abin da zuciya ta fi so, iyayen sa ya gani. Don haka ba shi iyali shi ne daidai. Na yarda da wannan, kuma na yarda yara na buƙatar su kwanta da farin ciki. Amma yara ma ana yi masu mutuwa. Yaron da ya rasa ɗan'uwa ya san cewa washegarin rasuwa akwai wahala, haka watan da ke biye. Idan littafi ya tsallake duk wannan ya dire a kan aure da haihuwa, sai yaron ya ɗauka shi kaɗai ne ya kasa warkewa.

Mu ma a nan sai mu yi hattara, domin wannan ciwon ya na damun finafinan mu. Sau nawa za a kashe uwa ko amini a tsakiyar fim, a sa mu kuka, sannan a minti biyar na ƙarshe a ɗaura aure, a cashe da waƙa, a rubuta Alhamdu lillahi? Marubutan mu da daraktoci, don Allah a riƙa waiwayar wanda aka bari.

Kwanakin baya na ba Yaya Hassan wannan labarin, ina ɗar-ɗar kada in fama masa miki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Gambo, ai ba ta san me za ta rubuta ba ne. Ni ma da ke ciki ban sani ba." Ya yi shiru, can ya ce in nemo masa fim na biyar, wanda tagwayen su ka tarwatsa ɗakin jarrabawa da wasan wuta su ka gudu daga makaranta. Ranar Juma'a da daddare mu ka kalla tare. Ya yi dariya sau biyu, na ƙirga.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.