Jika goma da gonar marayu



Ni malamin yaƙi da jahilci ne a ƙasar Arewa. Yau zan ba ku labarin mata biyu da na sani.

Ta farko innata ce. Babanmu ya rasu ya bar ta da mu huɗu. A 2004 fari da fara suka cinye hatsi, yunwa ta shigo a 2005. Rumbunmu ya ƙare tun rani. Da damina ta faɗi, inna ta riƙa noma gonakin mutane don tiya ɗaya ta hatsi. Kafin ta juyo kan tamu, ciyawa ta cinye ta. Muka ci tafasa har muka gaji. Daga baya ta ba da gonar jingina. Sai bayan shekara shida muka fanso ta.

Ta biyu ɗalibata ce, ita ma mijinta ya rasu, yaranta uku. A 2011 gwamnati da Bankin Duniya suka kafa shirin taimakon talakawa mai suna Filets Sociaux. Shirin ya iso gundumomin Tibiri da Gecheme, aka rubuta sunanta. Ana ba ta jika goma kowane wata, har wata 24. A hannun mata ake sa kuɗin.

Wani zai ce, jika goma me za ta yi? Gaskiya ba ta cika rumbu. Amma ku ji yadda ta yi da ita. Wata rana bayan karatu ta ce mini: "Malam, koya mini lissafi, kada kuɗin nan su zube kamar ruwa a kwando." Muka raba allo gida uku. Kashi ɗaya na hatsi, ta saya da kaka lokacin da tiya ke da araha. Kashi ɗaya na gishiri, sabulu da magani. Na uku ta zuba adashi da ƴan'uwanta mata. Da ta kwashi adashi ta sayi akuya.

Da damina ta zo, ba ta je ƙodago ba. Tana da abin da za ta dama wa yara fura, sai ta tsaya gonarta, ta yi noman fari da maimai a kan lokaci. Gonar marayu ta zauna hannun marayu.

Abin da na gane ke nan. Amfanin taimakon ba yawansa ba ne kaɗai. Sanin ranar zuwansa ne. Wadda ta san wata mai zuwa akwai, ba ta sayar da akuyarta a wulaƙance, ba ta cin bashin da za a biya riɓi biyu da kaka. Da inna ta sami haka, da ba mu rasa gona shekara shida ba.

Amma taimako yana da ranar ƙarewa, kuma ba kowa aka rubuta ba. Don haka ina da roƙo biyu. Maza, ƙannen mamaci da yayyensa, in irin kuɗin nan suka shigo, ku cire hannu, abincin marayu ne. Mata, ku zo aji ku koyi ƙirga da rubutu, don ku san abin da aka ba ku da abin da ya rage.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.