Abin Da Na Tsinta A Wayar Ɗalibata

'Yar uwa mai karatu, yau wani laifi nawa zan fara faɗa miki, domin na daɗe ina yanke hukunci a kan abin da ban karanta ba.

Wata ranar Asabar da safe ina tsakiyar biya wa 'yan ajin manya babin tsarki a cikin Risala, sai na lura da wata ɗalibata a layin baya ta sunkuyar da kai, haske yana fitowa daga cikin hijabinta. Na miƙa mata hannu, ta miƙo wayar jikinta yana rawa. Bayan an tashi na kira ta na ce, "Ke 'yar nan, me kike kallo da ya fi miki karatu?" Ta ce, "Wallahi Malama ba kallo ba ne, littafi ne." Na ce to ta turo min shi, wayar kuma sai mahaifiyarta ta zo. Yarinyar shekarunta 18, ta gama sakandare, ta ci JAMB, tana jiran sunanta ya fito a jami'a.

Da daddare na buɗe littafin da niyyar tsamo ɓarnar da ke ciki in yi musu wa'azi da ita washegari. Sai ga ni har ƙarfe biyun dare ban ajiye ba. Kada ki ɗauka wani gwanin rubutu ne. Hausar duk a cakuɗe take da Turanci, ga kurakurai barkatai. To amma labarin wata yarinya ne da ta baro garinsu ta shiga jami'a, kuɗin da mahaifinta ya ba ta suka ƙare tun zango bai raba ba, 'yar ɗakinsu kullum da sabon leshi alhali ba a san sana'ar ubanta ba, wani malami kuma ya kayar da ita a jarrabawa ya ce ta same shi a ofis. Ta kasa faɗa a gida, don ta san amsar da za a ba ta ita ce ta tattaro kayanta ta dawo a yi mata aure. Ina karantawa ina jin kamar marubuciyar a ɗakinmu ta kwana.

A shekarar 2009 na shiga kwalejin ilimi. Ranar da aka sauke ni da akwatina da ɗan risho da ƙullin garin kwaki, ita ce rana ta farko a rayuwata da na kwanta babu wanda zai tashe ni sallar asuba. Na haddace Ahalari, na san abubuwan da ke warware alwala ɗaya bayan ɗaya, amma ban san me ake cewa ba idan mutumin da makinki yake hannunsa ya ce ki zo bayan la'asar. Wata 'yar ajin ƙarshe da muke haɗuwa a masallacin ɗalibai ita ce ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanwata, kada ki je ke kaɗai. Ki tafi da mutum biyu, ki tsaya daga bakin ƙofa, ki gaishe shi da ƙarfi." Haka na yi, maganar ta mutu a nan. Allah Ya saka mata da alheri duk inda take. Amma na sha tambayar kaina, da ban gamu da ita ba fa?

Ki duba ki gani, 'yar uwa. Yaro ƙarami muna da abin ba shi, ga tatsuniya, ga Gizo da Ƙoƙi. Matar aure ma an cika mata kasuwa da labarin kishiya da uwar miji da dangin miji. To wadda ke tsakani fa, daga shekara 18 zuwa 25? A zamanin iyayenmu wannan zangon kusan babu shi ga 'ya mace, daga ɗakin uwarta sai ɗakin mijinta. Yanzu kuwa shekara uku ce a NCE, ko huɗu zuwa sama a jami'a, ga shekarar bautar ƙasa, ga yajin aiki irin na 2022 da ya zaunar da ɗalibai wata takwas a gida. Shekaru ne da yarinya take riƙe kuɗi da kanta, take zaɓen ƙawa da kanta, take cewa a'a da bakinta ba tare da wani ya tsaya mata ba. Uwa tana son ta yi mata jagora, to amma yaya za ta kwatanta hanyar da ba ta taɓa bi ba? Sai ta ce "ki kama kanki" kawai. Gaskiya ce, sai dai ba ta faɗi yadda ake kamawar ba.

Wannan giɓin shi ne irin waɗannan labarai suke cikewa. Turawa ma sai a 2009 wani kamfanin ɗab'i na Amurka, St. Martin's Press, ya sa gasa yana neman labaran masu waɗannan shekaru, aka raɗa musu suna mai ma'anar sababbin manya. Namu marubutan sun daɗe suna zagaya wurin. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar, daga baya ta koma ta nemi ilimi. Anti Bilki Funtuwa kuwa ta saba ba mu taurari mata masu zurfin karatu, kuma na san 'yan ajinmu da dama da suka fara sha'awar likitanci daga littattafanta. Ƙorafina da yawancin littattafan wancan lokaci shi ne gaggawa. A shafi biyu yarinya ta shiga jami'a ta fito, don marubuci ya ƙosa ya kai mu wajen lefe da kamu. Alhali a cikin shafi biyun nan da aka tsallake ne mutum yake zama abin da zai zama.

Na san abin da ke ranki, domin ni ma shi ne a raina. Akwai ƙazanta a cikinsu. Akwai waɗanda ko sunansu ba zan iya rubutawa a nan ba, waɗanda ake biyan kuɗi a shiga rukunin WhatsApp don a karanta batsa da sunan gyaran aure. Akwai kuma masu ɗora wa yarinya dogon buri, kowane saurayi ɗan minista ne, kowace matsala mota ce take warware ta. Ina sakandare a 2007 lokacin da gwamnatin Kano ta hannun shirin A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan soyayya a wata makarantar 'yan mata, kuma ba zan ce duk abin da ya ci wuta a ranar an zalunce shi ba. Sai dai me ya biyo baya? A da littafin yana ƙarƙashin katifa, uwa tana shara ta gan shi da bangonsa da sunan marubucinsa. Yanzu ya koma cikin waya, ana karantawa a gabanki kina zaton azkar ake yi. Wanda aka hana shi mai kyau bai daina karatu ba, abin da ya samu yake karantawa.

Wata abokiyar aikina ta ce min ai ƙagaggen labari ƙarya ce, ƙarya kuwa haramun ce. Na ce mata, Malama, Muƙama fa? Shekara nawa malamanmu na zaure suka yi suna karantar da Muƙamar Hariri, alhali Abu Zaidin da ke cikinta ƙirƙirarsa aka yi? Mai rubutu da mai karatu duk sun san misali ake bugawa, babu wanda aka yaudara. Sannan ki tuna, Ubangijinmu da Ya tashi karantar da mu tsayuwa a kan imani, ƙissar samarin kogo Ya ba mu. Da Ya tashi nuna mana kamun kai, ƙissar Annabi Yusuf (AS) Ya ba mu, yana matashi, nesa da mahaifinsa, a gidan da wadda ke da iko a kansa ta kulle ƙofofi. A'uzu billahi in haɗa maganar Allah da rubutun ɗan Adam. Abin da nake nufi shi ne a nan na samo ma'aunina. Surar ba ta ɓoye cewa an yi jarrabawar ba, kuma babu kalma ɗaya a cikinta da za ki ji nauyin karantawa a gaban mahaifinki. Duk labarin da ya faɗi fitina da sunanta, ya nuna nauyinta, bai ƙawata ta ba, to ina maraba da shi. Wanda ya mai da fitinar ita ce abin sayarwa, wannan ba namu ba ne.

Ranar Litinin mahaifiyar yarinyar ta zo karɓar waya, ranta a ɓace. Muna zama sai ga wata maganar ta fito. Ashe tun da Alhaji ya ji labarin binciken nan da BBC ta yi a 2019 kan malaman da ke neman ɗalibai mata a jami'o'in Legas da Gana, ya ce shi 'yarsa ba za ta je ko'ina ba, da ƙyar ƙannensa suka shawo kansa. Ita kuma Hajiya tsoro ya hana ta barci, amma ta rasa ta inda za ta fara yi wa 'yarta maganar, kin dai san kunyar ɗan fari. Na ce, "Hajiya, ga wata shawara. Ki sa ta karanta miki littafin nan da bakinta, kullum babi ɗaya bayan isha'i." Ta dube ni kamar ba ni ce na ƙwace wayar ba.

Bayan mako biyu ta dawo da kanta. Ta ce sun kai wurin da kuɗin yarinyar labarin suka ƙare, sai 'yarta ta dakata ta ce, "Umma, da ke ce ita, za ki faɗa a gida?" Hajiya ta ce nan take ta gane ba yarinyar littafi ake tambaya ba. Ta ce mata, "Da ni ce uwarta, gara ta kira ni ko tsakar dare ne, kuma ba zan bari a cire ta daga makaranta don ta faɗi gaskiya ba." Maganar da suka shekara suna kewaya ta, 'yar wani gari da ba ta taɓa wanzuwa ba ce ta buɗe musu ita. Yarinya ba za ta iya cewa "ni" a gaban uwarta ba, amma za ta iya cewa "ita".

Sunanta ya fito, ta tafi. Da ta zo yi min sallama na faɗa mata abin da waccan baiwar Allah ta faɗa min a masallaci, na haɗa mata da Hisnul Muslim da wani littafin rubutu mai bango baƙi. Na ce duk abin da ta gani a ɗakin kwana da aji da layin ɗiban ruwa ta riƙa rubutawa, ba tare da sunan kowa ba, domin ina da 'yan aji biyu da ke biye da ita. Da ta zo hutun farko ta kawo min shafi goma sha ɗaya, rabi duk labarin yadda aka sace mata bokiti ne. Na gyara mata ƙa'idar rubutu da jan biro na mayar mata, na ce ta ci gaba.