Man Zurma a Gujarat, Fiya-fiya a Buhun Wakenmu

A jihar Gujarat ta ƙasar Indiya, da zarar an girbe alkama wajen watan Maris da Afirilu, gidaje da yawa sukan sayi ta shekara guda a lokaci ɗaya. Uwargida ta tsince ta, ta shanya, ta murza mata ɗan man zurma da tafin hannu har ta yi sheƙi, sannan ta zuba a durom ta rufe ƙam. Wasu su ƙara busasshen ganyen darbejiya, wadda asalinta ma bishiyar yankin ce.

Mu ma a Najeriya mun gaji irin wannan. Kakanninmu sun cuɗa wake da toka ko barkono, sun liƙe bakin rumbu da laka. Amma yau akasarin hatsin da ake ci a birane a hannun ɗan kasuwa yake kwana, cikin buhun da iska ke ratsawa, shi kuwa ba shi zai ci ba. Sai a jefa ƙwayar da ake kira bom, ko a yayyafa fiya-fiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan gubar diklobos a jikinsa. Abin da Turawa suka ƙi, shi muke dafa wa 'ya'yanmu, kuma wannan yana ci mini rai.

Masu bincike a nan sun daɗe suna gwada man da ake tatsa daga kanumfari da na'a-na'a da bishiyar turare. Aikinsa daban da na man zurma. Shi man zurma mai nauyi shaƙe ƙwan da ƙwaro ya manna a jikin ƙwaya yake yi, mai ƙamshi kuwa tururinsa ne ke kashewa. Sai dai tururin ba ya jimawa, man yana da tsada, kuma yakan bar wari a abinci. In ba a mazubi rufaffe ba, asarar kuɗi ce kawai.

Shi ya sa nake ganin gyaranmu daga mazubi zai fara. Buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba, kuma ana samunsa a kasuwanninmu. 'Yan kasuwar hatsi ta Dawanau, don Allah ku adana waken da za ku iya ci da iyalanku.