Awon Fata a Bakin Kogin Arno

A wani ƙaramin shagon ɗinkin jakunkuna a birnin Fulorens na Italiya na tarar da fatar akuya shimfiɗe bisa tebur, ja mai laushi, irin wadda idona ya saba gani a hannun dukawan Kano. Ban yi mamaki ba, don Italiya na cikin ƙasashen da fatunmu ke zuwa. Mai shagon, wata dattijuwa da tabarau rataye a wuya, ta ce daga majemun garin Santa Croce sull'Arno take saro kayanta, kuma da ƙafa murabba'i ake ciniki, wato kusan santimita murabba'i 929.

Matsalar ita ce murfin jaka ba shi da kusurwa huɗu. Nan ya lanƙwasa, can ya tsuke, lissafin tsawo sau faɗi ba ya kama shi. To yaya za ka san fatar da ya ci, har ka yanka wa jakar farashi?

Yaron shagonta ne ya nuna mini. Ya ɗauki hoton kwalin da ake yanka fatar a kansa, da rula a gefe, ya buɗe shi a Inkscape, manhajar zane ta kyauta da aka fara a 2003. Sai ya bi bakin kwalin yana dasa ɗigo, yana jan hannuwan kowane ɗigo har layin ya kwanta daidai kan lanƙwasar. Irin wannan layi sunan Pierre Bézier yake ɗauke da shi, injiniyan Renault da ya yi amfani da shi wajen zana jikin mota a shekarun 1960. Da ya gama, ya daidaita girman zanen da rular, ya danna Measure Path, ya zaɓi faɗin fili. Nan take adadi ya fito a tsakiyar zanen.

Abin da ya fi burge ni shi ne daga gefe kawai manhajar ke gano abin da ke ciki. Haka na'urar hannu da Jakob Amsler ya ƙera a Suwizalan a 1854 take aiki: ka zagaya bakin siffa da tsinke, ƙaramar taya ta ba ka awo. Amma akwai tarko. Yaron ya karkatar da ɗigo ɗaya da gangan har layin ya ƙetare kansa kamar lamba 8, sai adadin ya faɗi warwas, don ɓari ɗaya ya cinye ɗaya. Ya ce shi ya sa ba ya yarda da adadi sai ya zuƙo zanen ya duba kowace mahaɗa.

Dattijuwar ta rubuta awon a littafinta, ta ƙara wani abu a kai saboda ɓarnar yanka. Sannan ta ɗaga fatar ta fuskanci taga, ta shafa wani tabo kusa da wuya, ta ja gefen ciki ta nuna mini yadda yake miƙewa. Ta matsar da kwalin zuwa gadon baya, kana ta ɗauki wuƙa.