Tsibiran Wata da Tambayar Wani Ɗalibina

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwana masu karatu, a makon da ya gabata ina koyar da darasin Larabci a Islamiyyar da nake karantarwa a nan Gusau, sai muka zo kan sunayen ƙasashe 22 da ke cikin Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa. Ina rubutawa a allo, yara suna maimaitawa: Misra, Sudan, Yaman, Maroko. Da na rubuta Juzurul Ƙamar, sai wani yaro da ke zaune a layin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wagga ƙasa a ina take? Ta Larabawa ce ko ta Afirka?" Kafin in buɗe baki wani ya yi caraf ya ce masa, "Kai da ba ka da gari, ina ruwanka da garin wasu?" Aji ya fashe da dariya.

Yaron nan iyayensa sun baro ƙauyensu ne a yankin Tsafe saboda 'yan bindiga, yanzu suna zaune a wani kango a bayan unguwarmu. Na tsawatar wa yaran, na ci gaba da darasi, amma maganar ta tsaya mini a rai har dare, domin kuwa ni ma na taɓa jefa wa wani bawan Allah irin wannan magana, kuma shi ɗan wannan ƙasa ce da aka yi tambaya a kanta.

Bari in fara da amsar tambayar, domin tana da amsa. Juzurul Ƙamar, wato Tsibiran Wata, ita ce ƙasar da muke ji a rediyo da sunan Komoros. Tana cikin Tekun Indiya, a bakin arewa na mashigin ruwan da ya raba Mozambik da tsibirin Madagaska. A taswira, babu ja, ƙasar Afirka ce, kuma tana cikin Tarayyar Afirka. Shugabanta Azali Assoumani ya jagoranci Tarayyar daga watan Fabrairun 2023 zuwa Fabrairun 2024, a zamanin jagorancinsa ne ma aka karɓi Tarayyar a cikin ƙungiyar G20 a taron birnin New Delhi. Tsibirai uku ne a hannun gwamnatinta: Ngazija, inda babban birninta Moroni yake a gindin dutsen Kartala mai aman wuta, sai Nzuwani da Muwali. Mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, kuma kusan dukansu Musulmi ne mabiya mazhabar Imamu Shafi'i. Arzikinsu kanumfari ne, da banila, da wani fure da ake tatsar mansa ana haɗa turare.

To ta yaya ta shiga cikin Larabawa? Shekaru ɗaruruwa jiragen ruwa masu tafiya da iska suna kai-da-kawo tsakanin Oman da Yaman da gaɓar Afirka ta Gabas, suna biyowa ta waɗannan tsibirai. 'Yan kasuwa da malamai suka zauna, aka yi auratayya, Musulunci ya kafu. Harshensu na gida, Shikomori, ɗan uwan Suwahili ne, asalinsa na Afirka, amma cike yake da kalmomin Larabci kamar yadda Hausarmu take. Larabci da Faransanci su ma harsunan hukuma ne. Ƙasar ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 1976, sannan ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a 1993, kuma ita kaɗai ce a cikin ƙungiyar da gaba ɗayanta take kudu da layin da ya raba duniya biyu. Bugu da ƙari, tana cikin ƙungiyar raya ƙasashen kudancin Afirka ta SADC, tana kuma cikin ƙungiyar tsibiran Tekun Indiya tare da Madagaska da Moris. Masu kallon ƙwallo a cikinku za su tuna ta a gasar cin kofin Afirka da aka buga a Kamaru a farkon 2022, inda ta doke Gana da ci 3 da 2, sannan ta fuskanci masu masaukin baƙi da ɗan wasan baya a raga saboda babu gola.

Duk wannan ban san shi ba lokacin da na tafi ƙasar waje karatun Larabci. Aka haɗa ni ɗaki da wani saurayi baƙi kamata, siriri, mai yawan shiru. Da asubar farko ya ja mu salla, na ji ya bayyana bisimilla, bayan ya ɗago daga ruku'u kuma ya ɗaga hannu ya yi alƙunutu a bayyane. Ni da na tashi a kan Ahalari da Ishmawi, na saba da alƙunutu a ɓoye kafin ruku'u, sai abin ya zame mini baƙo. Da na tambaye shi ƙasarsu ya ce Juzurul Ƙamar, ya ƙara da cewa suna cikin Ƙungiyar Larabawa. Na yi dariya, na ce masa, "Ya ɗan uwa, ka dubi fatarka ka dubi tawa. Ku dai neman gindin zama kuke yi wurin masu man fetur." Allah Ya gafarta mini. Bai yi fushi ba. Ya ce kakansa na wajen uba daga Halaramautu zuriyarsu ta fito, kakarsa kuma ba ta jin wani harshe sai Shikomori, to wanne daga cikinsu nake so ya kora daga gida?

Sai da muka yi watanni tare sannan na san dalilin shirunsa. Tsibiran asali huɗu ne. A ƙuri'ar raba gardama ta 1974 uku suka zaɓi 'yancin kai daga Faransa, na huɗun, wato Mayot, mafi yawan mutanensa suka zaɓi zama da Faransa. Komoros ta ayyana 'yancinta ranar 6 ga Yulin 1975, kuma har gobe tana cewa Mayot nata ne, amma Faransa ta riƙe shi, a 2011 ma ta mai da shi cikakken yanki daga cikin yankunanta. Tun daga 1995 mutumin Nzuwani ba ya shiga Mayot sai da biza, alhali tsakaninsu kimanin kilomita 70 ne, addini ɗaya, harshe kusan ɗaya, dangi a nan dangi a can. Saboda a Mayot akwai asibiti mai kyau da aikin yi da kuɗin Turai, mutane suna tsallakawa da dare a cikin ƙananan kwale-kwale da suke kira kwasa-kwasa, kuma dubbai sun halaka a wannan ruwa. Yayar abokin nawa tana cikinsu. Ciki ne da ita, tana so ta haihu a asibitin can. Ba a ga gawarta ba.

Ranar da ya gaya mini, na rasa inda zan sa fuskata. Ni ina yi masa ba'a a kan wace nahiya ce tasa, shi kuwa layin da aka ja a kan teku ya riga ya cinye masa 'yar uwa.

Da na dawo gida na fara kallon ƙasarmu da wannan ido. Mai karatu, ka dubi sarautunmu. Sarkin Gusau laƙabinsa Sarkin Katsinan Gusau, alhali Gusau ita ce babban birnin Zamfara. Sarkin Tsafe ana ce masa 'Yandoton Tsafe, sunan tsohon garin malamai na 'Yandoto wanda a da yake cikin ƙasar Katsina. Sarkin Bunguɗu kuwa Sarkin Fulanin Bunguɗu ne. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, shi ya kafa Gusau, don haka igiyar garin tana ɗaure da Sakkwato ta fuskar jihadi, tana ɗaure da Katsina ta fuskar tsohuwar ƙasa. Mahaifina a Bunguɗu aka haife shi. Yana yaro ana ce masa ɗan Lardin Sakkwato, a 1967 ya zama ɗan Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 ya zama ɗan Jihar Sakkwato, ranar 1 ga Oktoban 1996 ya wayi gari ɗan Jihar Zamfara, kuma duk wannan bai gusa daga gidan da aka yanke masa cibiya ba. Ni kaina takardar haihuwata Sakkwato ta ce. In wani ya tsare ni ya ce sai na zaɓi ɗaya, Bazamfare ko Basakkwace ko Bakatsine, kuma Bahaushe ko Bafillace, to sai dai in yi masa irin tambayar da abokina ya yi mini.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, wannan tambaya ta "kai na ina ne" ta daina zama abin raha a Zamfara. Mutanen da kakanninsu suka yi auratayya, suka yi sahu ɗaya a masallaci, yau ana tsare mutum a hanya a dubi kamanninsa a yanke masa hukunci. Wanda ya tsira da ransa daga ƙauye ya shigo birni, sai ya tarar da wani shingen: ana ce masa ɗan gudun hijira, ana hana shi haya, 'ya'yansa suna zama a layin baya. Daga Tsafe zuwa Gusau tafiya ce ta ƙasa da awa guda a mota, babu teku, babu biza, amma mun iya gina namu shingen da harshe. Malamai sun karantar da mu a tafsirin aya ta 13 ta Suratul Hujurat cewa hikimar rarraba mu dangi-dangi ita ce mu san juna. Mu kuma da muke karantar da wannan aya, a cikin azuzuwanmu ake dariyar wanda ya rasa gida.

Washegari na ari taswirar duniya daga wani abokina malamin firamare, na rataye ta a jikin allo. Na kira yaron nan na ce ya nemo mini Madagaska, ya nemo. Na ce ya hau da yatsa sama kaɗan ta hagu. Sai da ya kusantar da fuskarsa sannan ya ga ɗige-ɗigen. Na ce masa amsar tambayarsa ita ce ƙasar tana Afirka, tana kuma cikin Larabawa, kuma babu ɗayan biyun da yake ƙarya. Sannan na tambayi aji ɗaya bayan ɗaya inda aka haifi kakan kowa. Aka yi ta lissafi: Kwatarkwashi, Ƙaura Namoda, Funtuwa, Talatar Mafara, Maraɗi. Wanda ya yi gorin nan, da aka zo kansa, ya sunkuyar da kai ya ce kakansa daga Nijar ya zo tallan goro. A cikin yara fiye da 40, 'yan ƙalilan ne kakanninsu haifaffun Gusau.

Ban ce wannan ya gyara komai ba. Yaron har yanzu a kango yake kwana, kuma damina tana tafe. Na dai dawo da shi layin gaba, na kuma yi magana da shugaban makaranta a kan a ɗauke masa kuɗin wata, ya amince. Abokina na Nzuwani kuwa, rabona da jin ɗuriyarsa tun bayan guguwar Chido da ta afka wa Mayot a watan Disambar 2024, lokacin da ya rubuto mini cewa yana neman labarin wasu danginsa da ke zaune can babu takardu. Na sake aika masa saƙo a daren da na dawo daga aji, ina jiran amsa.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, shi da yayarsa da duk waɗanda ruwa ya ci. Wanda kuma yake da maƙwabci ɗan gudun hijira a unguwarsu, ya leƙa shi yau, ya tambayi sunan garinsu, ya riƙe sunan. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa cikin aminci, Ya yafe mana abin da harsunanmu suka ɓata. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.